Cire feda, sauke sirdi: Yadda ake koya wa yara keke cikin kwana biyar a hutun bazara

Idan makarantu suka rufe a watan Yuni a Amurka da Kanada, filayensu ba sa zama fayau. Da hantsi za ka tarar da yara 'yan shekara 3 zuwa 6, kowa da hular kwano a kansa, suna tura wasu ƙananan kekuna da ƙafa, matasan malamai na biye da su a guje.

Wannan shi ne sansanin koyon keke na hutun bazara. Hutun a can yakan kai wata biyu zuwa uku, iyaye kuma suna wurin aiki, don haka ake neman abin da zai ɗebe wa yara kewa ya kuma amfane su.

Yaro kan zo ranar Litinin bai taɓa hawa keke mai taya biyu ba. Kafin yammacin Juma'a, da yawa daga cikinsu sun fara tuƙi da kansu babu mai riƙe musu sirdi.

Babu wani siddabaru a ciki. Masu shirya waɗannan sansanoni sun rarraba koyon keke ne zuwa ƙananan matakai, suka kuma sauya wanda ake farawa da shi. Sai dai bincike ya nuna cewa iya keke kaɗai bai isa ya fitar da yaro kan hanya lafiya ba, kuma a nan ne muhawarar take.

Garin wasa da aka gina don yara

Tunanin amfani da hutu wajen koya wa ƙananan yara zirga-zirga ya daɗe. A shekarar 1937 wani jami'in 'yan sanda mai suna Frend Boals ya fara wani shiri a garin Mansfield da ke jihar Ohio ta Amurka, aka sa masa suna Safety Town, wato garin kiyaye haɗari.

A shekarar 1964 wata malamar makarantar renon yara, Dorothy Chlad, ta faɗaɗa shirin a jihar, ta kafa cibiyar da ta yaɗa shi zuwa wasu garuruwa. Har yau ana gudanar da shi a sassa da dama na Amurka, galibi a hannun 'yan sanda, ko hukumar makarantu, ko ƙungiyoyin sa-kai.

Abin da ake yi shi ne a gina ƙaramin gari a filin makaranta. Akwai 'yan gidaje da ba su fi tsayin babban mutum ba, da tituna da aka zana da fenti, da danja mai aiki, da alamar tsayawa, da wurin tsallaka titi.

Yaran da ke shirin shiga makaranta, 'yan shekara 4 zuwa 6, su ne mazauna garin na mako ɗaya ko biyu. Wasu na tuƙa kekunan yara masu taya uku a matsayin direbobi, wasu na tafiya a ƙasa, daga baya a yi musanya.

Hikimar ita ce yaro ya yi kuskure a inda kuskuren ba zai ci rai ba. Idan ya wuce jar danja a garin wasa, iyakarta malama ta tsayar da shi ta mayar da shi baya ya sake. Haka zai yi ta yi har tsayawar ta zame masa jiki.

Daga Litinin zuwa Juma'a

A Kanada, ɗaya daga cikin sanannun masu wannan harka shi ne kamfanin Pedalheads, wanda Claudia Sjoberg ta fara a birnin Vancouver a shekarar 1995, ya kuma bazu zuwa wasu biranen Kanada da Amurka. Yana karɓar yara tun daga 'yan shekara 2 har zuwa 12, ya rarraba su aji-aji gwargwadon abin da kowa ya iya.

Tsari ya bambanta daga wani sansani zuwa wani, amma matakan da masu koyarwa ke bi a yau kusan iri ɗaya ne.

Ana farawa da hular kwano. Dole ta zauna daidai a ka, kada ta zame ƙeya. Tazarar da ke tsakanin gira da bakin hular kada ta wuce faɗin yatsu biyu, igiyar haɓa kuma a ɗaure ta yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su iya shiga.

Sai duba keke kafin a hau: iskar taya, birki, sarƙa. Yara kan haddace waɗannan abubuwa uku kamar karatu.

Daga nan sai a sauke sirdi ƙasa sosai, yadda idan yaro ya zauna tafin ƙafafunsa biyu za su taka ƙasa sosai. A wurare da yawa ana cire feda gaba ɗaya, ko a ba shi keken da dama can ba shi da ita.

Yaro zai fara da tafiya yana zaune a kan sirdi. Sannu a hankali takun ya ƙara faɗi, ya koma gudu, har wata rana ya ɗage ƙafafu biyu keken ya ci gaba da sulalawa da shi. Malamai kan mayar da wannan wasa, suna ƙirga daƙiƙa nawa kowa zai yi bai taka ƙasa ba.

Kafin a mayar da feda, sai an tabbatar yaro ya iya kama birki ya tsaya a inda aka ja layi da alli. Ana kuma yawan tuna masa ya riƙa kallon gaba inda zai je, ya daina kallon tayar gaba, domin keke na bin inda ido ya nufa.

Feda ce ke zuwa a ƙarshe. Yaron da ya riga ya iya sulalawa da tsayawa, sau da yawa ba ya daɗewa kafin ya haɗa su da juya ƙafa.

Me ya sa ake cire feda?

Keke mai taya biyu ba ya tsayuwa da kansa. Ko yana tafiya, kullum yana ɗan rinjaya hagu ko dama. Abin da mai tuƙi ke yi shi ne ya ɗan karkata kan keken zuwa ɓangaren da ya rinjaya, sai tayoyin su dawo ƙarƙashin nauyinsa. Yana yin haka ba adadi a cikin minti guda ba tare da ya lura ba.

Ba a iya fahimtar da ɗan shekara 4 wannan da baki. Jikinsa ne zai gano, kuma ba zai gano ba sai an bar keken ya rinjaya da shi.

Nan ne matsalar 'yan tayoyin gefe da ake ɗaura wa kekunan yara take. Suna hana keken rinjaya, don haka yaro na koyon juya feda amma ba ya koyon daidaita jikinsa. A kan kwana ma yakan saba jingina a kan 'yar tayar waje, alhali mai keke na gaske cikin kwanar yake kwantawa. Ranar da aka cire su sai ya zama sabon shiga, ga kuma wata ɗabi'a da sai ya yar.

Keke marar feda ba sabon abu ba ne. Shi ne ma kakan kekuna. A shekarar 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera abin hawa na katako mai taya biyu a birnin Mannheim, wanda ake turawa da ƙafa. Sai a shekarun 1860 aka fara sa wa keke feda a Faransa. Ke nan mutane sun iya daidaita jiki a kan taya biyu shekara arba'in da wani abu kafin su san feda.

A wannan zamanin, cikin waɗanda suka yayata shi akwai Ryan McFarland na garin Rapid City a jihar South Dakota. Ya ciccire kayan wani ƙaramin keke ne don ɗansa mai shekara 2 ya iya hawa, daga nan ya kafa kamfanin Strider a shekarar 2007.

Wani bincike da masana a ƙasar Fotugal suka wallafa a shekarar 2022, bayan tattara bayanan mutum kusan 2,000, ya gano cewa waɗanda suka fara da keke marar feda sun iya tuƙi da kansu suna da kimanin shekara 4. Waɗanda suka bi ta 'yan tayoyin gefe kuwa sai da suka kusa shekara 6. Binciken ya dogara ne da abin da mutane suka tuna suka faɗa, amma ya yi daidai da abin da masu koyarwa suka daɗe suna gani a fili.

Yaran da aka ɗauka ba za su iya ba

Akwai wani sansanin na musamman a Amurka mai suna iCan Bike, na yara 'yan shekara 8 zuwa sama da ke da lalura irin ta galahanga ko wadda likitoci ke kira Down syndrome. Da yawansu iyayensu sun gwada koya musu a gida shekara da shekaru abin ya faskara, galibi saboda tsoron faɗuwa.

Sansanin na amfani da wasu kekuna da Richard Klein, farfesan injiniyanci a Jami'ar Illinois, ya ƙirƙiro. An cire tayar baya an sa wani gungumen abu mai gangarawa a madadinta, mai kauri a tsakiya, siriri a gefe-gefe. Yana barin keken ya ɗan rinjaya amma ba ya barinsa ya kife da sauƙi.

Yayin da yaro ke samun ƙwarin gwiwa, sai a riƙa sauya gungumen da wanda ya fi shi tsukewa, har a kai ga taya ta gaske. Darasin minti 75 ne a kowace rana, na tsawon kwana biyar, 'yan sa-kai na gudu a gefen kowane yaro.

Ƙungiyar da ke gudanar da shirin ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na mahalarta suna iya tuƙa keke mai taya biyu da kansu kafin a tashi. Wani bincike da Dale Ulrich na Jami'ar Michigan ya jagoranta, aka wallafa a 2011, ya samu kashi 56 cikin 100 a tsakanin yara masu Down syndrome kaɗai. Ko da wannan adadin aka ɗauka, fiye da rabin yaran da ake ganin ba za su taɓa iyawa ba sun iya cikin mako guda.

Ga irin waɗannan iyalai, abin ya wuce wasa. Yaron da ya iya keke zai bi sa'o'insa yawo, zai motsa jiki, idan ya girma kuma yana da abin da zai kai shi wurin aiki ko da bai samu lasisin tuƙin mota ba.

Wa ke iya biya?

Sansanonin da kamfanoni ke gudanarwa ba su da araha. Mako guda kan ci ɗaruruwan daloli, kuma yawanci yaro ne zai zo da kekensa da hularsa. Ɗan talakan da ke zaune a bene, babu tsakar gida, babu keke, babu babban da ke da lokacin koya masa, shi ne aka fi bari a baya.

Wannan ne ya sa wasu hukumomi suka ɗauko darasin daga hutu suka shigar da shi makaranta. A shekarar 2015 makarantun gwamnati na birnin Washington suka fara koya wa duk 'yan aji biyu na firamare hawa keke a darasin motsa jiki. Hukuma ce ke samar da kekunan, ana zagayawa da su daga makaranta zuwa makaranta, a rufe darasin da tafiya tare a kan keke zuwa wurin shaƙatawa.

A 2018 gidauniyar Strider ta ƙaddamar da shirin All Kids Bike, wanda ke bai wa azuzuwan share fagen firamare kekuna marasa feda da za a iya sa musu feda daga baya, da huluna, da manhajar darussa 8.

A Ingila kuwa gwamnati ce ke ɗaukar nauyin shirin Bikeability tun 2007, wanda ya gaji wata tsohuwar jarrabawar ƙwarewa a keke da aka fara a 1947. Mataki uku gare shi. Na farko a fili ake yi inda babu mota. Na biyu a kan titunan unguwa marasa cunkoso, galibi ga 'yan shekara 9 zuwa 11. Na uku a kan manyan tituna masu shataletale da danja. Yawanci a lokacin karatu ake yinsa, amma ƙananan hukumomi da dama na shirya wasu azuzuwan a lokacin hutu, wasu kyauta.

Iya keke daban, hawa titi daban

A nan labarin ya ɗan sauya. A shekarar 2016 wasu masu bincike a Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Anna Goodman, sun duba yara fiye da 3,000 'yan shekara 10 zuwa 11. Sun kwatanta waɗanda makarantunsu suka riga suka ba da horon Bikeability da waɗanda ba a kai ga ba su ba. Ba su ga alamar cewa horon ya sa yaran sun ƙara yawan hawa keke ba.

Ba abin mamaki ba ne. Uwar da ke ganin motoci na sheƙa gudu a ƙofar gidanta ba za ta saki ɗanta ba don kawai ya zo da takardar shaida.

Tsoron nata kuma yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin masu mutuwar masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Hukumar kiyaye haɗurra ta manyan hanyoyin Amurka ma na gargaɗin cewa yaran da ba su kai shekara 10 ba hankalinsu bai kai su yanke shawarar da tuƙi a kan titi ke buƙata ba. Ƙaramin yaro ba ya iya auna gudun motar da ke tahowa, gajere ne direba ba ya hango shi a bayan motar da aka ajiye, kuma abu kaɗan ke ɗauke masa hankali. Ɗan shekara 5 zai iya ƙwarewa a keke, amma ƙwarewar ba ta ƙara masa shekaru.

Ƙasar da aka fi buga misali da ita a wannan fanni ita ce Holan. A shekarar 1971 haɗarin mota ya kashe mutum kusan 3,300 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe masa 'ya, ya yi rubutu mai taken Stop de Kindermoord, ma'ana a daina kashe yara. Taken ya zama sunan wata gagarumar fafutika. Iyaye suka riƙa tare tituna, suna fito da tebura da kujeru su zauna a tsakiyar hanya yara na wasa.

Matsalar man fetur ta 1973, wadda ta sa gwamnati ta hana fita da mota a wasu ranakun Lahadi, ta ƙara wa kiran nasu ƙarfi. A shekarun da suka biyo baya aka shimfiɗa hanyoyin keke da aka raba su da na mota, aka tsuke titunan unguwanni, aka rage gudu.

Yau kekuna sun fi mutane yawa a Holan. Yaran ƙasar na yin jarrabawar zirga-zirga a ƙarshen firamare, wadda a makarantu da dama ta haɗa da tuƙa keke a cikin gari manya na tsaye a mahaɗar hanyoyi suna ba da maki. Amma jarrabawar na da amfani ne saboda akwai hanyar da yaron zai bi washegari ya je makaranta ya dawo.

Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, a makon kiyaye haɗurra na 2021, ta yi kira da a taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a sa'a guda a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa.

Abin da za a iya ɗauka a nan gida

A garuruwan Arewa da yawa, yaro kan koyi keke ne a wurin mai ba da haya, ko a kan keken babansa da ya fi ƙarfinsa. Yayansa ya riƙe kariya ya tura shi, ya sake shi ba sanarwa. Wasu sun iya ta haka bayan sun sha ƙujewa, wasu kuma faɗuwa ɗaya ta raba su da keke har girma.

Dogon hutun makarantun Najeriya kan fara ne a ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da filayen makarantu ke zama babu kowa. Hanyar da aka bayyana a sama ba ta buƙatar sabon keke. Mai gyaran keke na unguwa zai cire feda ya sauke sirdi cikin 'yan mintuna. Mai son yi da kansa ya tuna cewa fedar hagu a juye ake kwance ta, wato ana murɗa ta ne ta ɓangaren da aka saba ɗaurewa.

A nemi keken da ya yi daidai da tsayin yaro a yanzu. Sayen babba don ya girma da shi yana jinkirta koyo, yana kuma jawo faɗuwa. A gwada birkin a ga ko hannun yaro zai iya matse shi. A zaɓi fili mai tauri marar gangara sosai, nesa da motoci da babura, a kauce wa taɓo tunda damina ce. A naɗe ƙafar wando, a tattare doguwar riga ko hijabi don kada sarƙa ko taya ta kama. Takalmi mai rufe ƙafa ya fi silifas.

Idan za a tallafa wa yaro, a dafa bayansa ko kafaɗunsa, a bar masa kan keken ya sarrafa da kansa. Minti 20 zuwa 30 a rana sun isa, a tsaya tun bai gaji ya fara kuka ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ranar da ya fara tuƙi shi kaɗai, a yi masa murna, amma kada a ɗauke ta a matsayin ranar da za a fara aikensa bakin titi. Wannan sai ya ƙara shekaru, sai babba ya yi ta binsa a baya yana nuna masa inda ake tsayawa da inda ake waiwaye.

Sauran aikin kuma ba na yaro ba ne. Na direban da ke shiga lungu a guje ne, da mai babur da ke ratsa gaban makaranta lokacin tashi, da hukumomin da ke shimfiɗa titi a tsakiyar unguwa ba tare da barin gefen da mai ƙafa ko mai keke zai bi ba. Iyayen Holan sun samu sauyi ne bayan sun haɗa kai sun nemi a gyara titin da ke ƙofar gidajensu.